Rahoton Ashby da Kuɗin Koyar da Kimiyya da Lissafi

Akwai wani kuka da aka daɗe ana yi a Nijeriya, tun ba a Arewa ba, watau kukan ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. In injin famfon gari ya lalace, sai a yi wata da watanni ana jiran mai gyara. In aka sayo na'urar ɗaukar hoton ƙirji aka kai asibiti, ran da ta tsaya ta tsaya ke nan, sai a lulluɓe ta da zane a rufe ɗakin. Mai gina gida a Abuja ko Ikko, in yana son a shimfiɗa masa tayil yadda ya kamata, sau da yawa sai ya nemo mutumin Togo ko na Kwatano. A gefe guda kuma ga samari riƙe da takardun shaida suna bin ofis ofis, ba su sami aiki ba. Kowace Gwamnati ta hau takan ce maganin abin shi ne a ƙara zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi, kuma ana zubawa, ko da yake ba su taɓa isa ba. To, me ya hana kukan ƙarewa? Wanda ke son amsa ya kamata ya koma ga wani littafi da aka buga a shekarar samun mulkin kai, gama a cikinsa ne aka fara zana hanyar da aka bi, da alherinta da kurakuranta.

Asalin littafin

A watan Afrilu na 1959, saura shekara ɗaya da rabi Turawa su miƙa mulki, Gwamnatin Tarayya ta naɗa wani kwamiti na mutum 9, uku 'yan Nijeriya, uku mutanen Ingila, uku Amurkawa. Shugabansu shi ne Sir Eric Ashby, masanin ilmin tsire-tsire, wanda a wannan shekara ya zama shugaban wata kwaleji a Jami'ar Kambirij. 'Yan ƙasa kuwa su ne Dokta Kenneth Dike, da Dokta Sanya Onabamiro, da Shettima Kashim, Wazirin Barno, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Arewa. Wata ƙungiyar taimako ta Amurka mai suna Carnegie ita ta biya kuɗin aikin. Abin da aka ɗora musu shi ne su bincika irin ilmin da ƙasar za ta bukata gaba da sakandare har tsawon shekara 20, watau zuwa 1980. Suka miƙa rahotonsu a watan Satumba na 1960, suka sa masa suna da Turanci Investment in Education, ma'anarsa zuba jari a cikin ilmi.

Sai mai karatu ya san halin da ake ciki a wannan lokaci kafin ya yi wa littafin hukunci. Duk faɗin Nijeriya kwalejin jami'a ɗaya ce tak, ta Badun, wadda aka buɗe a 1948, ɗalibanta kuwa ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba. Manyan injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka, da na jirgin ƙasa, da na lantarki, galibinsu Turawa ne, kuma da yawa sun fara ɗaure kaya. A Arewa abin ya fi tsanani. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato ta ƙudura niyyar sa 'yan Arewa a cikin ayyukan Jihar, amma makarantun sakandare kaɗan ne, waɗansu ma bai daɗe ba da aka ɗaga su daga midil. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ana shirin kai dogo Maiduguri, ana maganar datse Kwara a Kainji. Ayyuka suna ta zuwa, masu yin su ba su isa ba.

Abin yabo a cikinsa

Yabon gwani ya zama dole. Abu na fari da littafin nan ya yi daidai shi ne sunansa. Kafin wannan lokaci ana duban kuɗin makaranta kamar kyauta ce Gwamnati ke yi wa talakawa in ta sami rara. Kwamitin ya ce jari ne, kamar yadda manomi ke zuba taki a gona don ya kwashi amfani baɗi. Duk wanda ya yarda da wannan ba zai ƙara cewa a bari sai ƙasa ta yi arziki sa'an nan a karantar da yara ba, gama karantarwar tana cikin abin da ke kawo arzikin.

Abu na biyu, sun yi ƙidaya. Suka gayyato wani masanin tattalin arziki daga Jami'ar Princeton, sunansa Frederick Harbison, ya zauna ya lissafa yawan ƙwararrun da za a bukata kafin 1970. Ya kasa su kashi biyu. Kashi na sama su ne likitoci, da injiniyoyi, da manyan malamai, da manyan ma'aikatan mulki, ya ce za a bukaci kimanin 30,000. Kashi na tsakiya su ne masu taimaka musu, kamar safiyo, da mai zanen gini, da mai awon jini a asibiti, da malamin gona, da shugaban makanikai, ya ce su za a bukaci fiye da 50,000. A lura da wannan lissafi, gama shi ne zuciyar maganar: na tsakiya sun kusa ninka na sama. Bisa ga haka kwamitin ya ba da shawara a sami ɗalibai 7,500 a jami'o'i kafin 1970, makarantun fasaha kuma su riƙa yaye mutum 2,500 kowace shekara.

Abu na uku, ba su manta da malami ba. Sun ga yawancin malaman firamare ba su da cikakken horo, na sakandare kuma da yawa ba su da digiri. Daga shawararsu ce aka kafa manyan kwalejojin horon malamai, har da ta Zariya a 1962, inda aka fara ba da takardar shaidar da aka sani da suna NCE. Dubban malaman lissafi da kimiyya da suka riƙe makarantun ƙasar nan shekara da shekaru ta wannan ƙofa suka fito. Har wa yau kwamitin ya faɗi gaskiya mai ɗaci, ya nuna cewa mutane sun ɗauki karatun littafi da digiri su ne daraja, suna raina aikin hannu da aikin gona, kuma ƙasa ba za ta ci gaba a haka ba.

Inda aka kuskure

Kuskure na fari ba na kwamitin ba ne shi kaɗai, har da na waɗanda suka yanka masa aikin. An ce ya duba ilmin gaba da sakandare. Ko da yake ya leƙa firamare da sakandare, ya kuma yi gargaɗi cewa ba su da ƙarfi, nauyin littafin yana can sama, kuɗi kuwa sukan bi inda nauyin magana yake. Alhali injiniya tun a aji huɗu na firamare ake fara yin sa, ran da aka koya masa rabawa da ɓangare. Yaron da ya bar firamare bai gane mene ne kashi ɗaya cikin huɗu ba, ko an gina masa ɗakin gwaji na dubban fam, zai shiga ya fito yadda ya shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a zaci lissafi na masu digiri ne kaɗai. Magini in yana son kusurwar ɗaki ta miƙe, yakan auna ƙafa 3 a wannan gefe, ƙafa 4 a wancan, in tsakanin bakinsu ya ba da ƙafa 5 daidai, to, kusurwa ta yi. Mai kwaɓa kankare yakan zuba awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, in kuwa ya rikita awon, bene ya tsage. Disfensa yakan auna maganin yaro gwargwadon nauyin jikinsa, kuskure kaɗan a nan sai ya zama asarar rai. Mai haɗa waya yakan lissafa ƙarfin wutar da gida zai ja kafin ya zaɓi kaurin waya, in bai iya ba gobara ce. Dukan waɗannan mutanen tsakiya ne da na ƙasa da su, kuma lissafin da suke bukata a firamare da ƙaramar sakandare ake koyar da shi. Shaidar cewa tushen bai yi ƙarfi ba ta bayyana a Arewa da wuri. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma makarantun Arewa ba su iya aiko mata da isassun ɗaliban da suka ci kimiyya ba, har a 1970 ta buɗe makarantar share fage tata don ta ƙarasa wa yara abin da sakandare ta bari.

Kuskure na biyu ya fi ban mamaki, gama ya saɓa wa lissafin Harbison kansa. A cikin shekarun 1950 akwai wata kwaleji ta Gwamnatin Tarayya mai koyar da fasaha da kimiyya da sana'o'i, tana da rassa 3, a Zariya, da Badun, da Inugu. Kwamitin ya ba da shawara a shigar da rassan nan cikin jami'o'i. Haka kuwa aka yi. Reshen Zariya ya zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello, na Badun ya koma hannun Jami'ar Ife, na Inugu ya shiga Jami'ar Nsukka. Lalle jami'o'in sun amfana, sun sami gine-gine da malamai a shirye. Amma darasin da jama'a suka ɗauka shi ne, makarantar fasaha in ta girma jami'a take zama, watau ita matakala ce kawai. Wannan ra'ayi bai mutu ba. A 2022 ma an mai da kwalejin fasaha ta Jihar Legas jami'a, waɗansu kuma suna ta neman a yi musu haka.

Sai a duba yadda aka cika alkawarin kashi biyun nan. Kwamitin ya ce jami'o'i 4, kafin 1962 ta ƙare an sami 5. Ya ce ɗalibai 7,500, Gwamnati ta ce sun yi kaɗan ta mai da su 10,000, kuma tun kafin 1970 aka wuce adadin kwamitin. Wajen makarantun fasaha kuwa ba a yi wannan gaggawa ba. Makarantar fasaha ta Kaduna, wadda aka kafa a 1956, sai a 1968 ta zama cikakkiyar kwalejin fasaha, hukumar da za ta kula da irin waɗannan makarantu a ƙasa duka kuma sai a 1977 aka kafa ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jami'a abin alfahari ce, kowane yanki yana son tasa, kuma wanda ya gina ta za a daɗe ana ambatonsa. Makarantar koyon walda ba ta jawo wa kowa kirari.

Kuskure na uku shi ne mafi girma. Kwamitin ya ƙidaya mutane kamar dilolin auduga, a ce ana bukatar kaza, a buɗe makaranta kaza, su fito. Bai tsaya sosai a kan abin da ke sa yaro da ubansa su zaɓi wannan hanya su bar waccan ba. Ya ga ana raina aikin hannu, ya yi wa'azi a bari. Amma talaka ba wawa ba ne. Uban da ya ga akawu yana zaune a inuwa yana ɗaukar albashin da ya fi na makaniki, ga fansho, ga girma a gari, in ya tura ɗansa aikin akawu lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Wani masani mai suna Philip Foster, wanda ya yi bincike a makarantun Gana, ya bayyana wannan a 1965, ya nuna cewa yara suna bin irin karatun da ke kai su ga albashi mai kyau, kome aka koya musu a aji. A Nijeriya Gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, ita ce kuma ta tsara ma'aunin albashi. Shekara da shekaru mai babbar difloma ta kwalejin fasaha yana shiga aiki a bayan mai digiri, kuma akwai matsayin da ba ya wucewa kome gwanintarsa. Hannun dama yana ba da kuɗi a koyar da sana'a, hannun hagu yana rubuta cewa mai sana'a ƙarami ne. Haka kuma malamin lissafi: in ya iya lissafi sosai banki ko kamfani zai biya shi fiye da makaranta, sai ya tafi, a bar aji da wanda bai sami wurin zuwa ba.

Akwai kuma waɗanda ƙidayar ba ta kai gare su ba ko kaɗan. Yawancin masu sana'a a ƙasar nan ba a makaranta suka koya ba, a wurin maigida suka koya, a garejin makanikai, da maƙera, da rumfar kafinta, da shagon tela. Su ne ke riƙe da motocin ƙasar da injunan niƙanta. Abin da da yawansu suka rasa shi ne ɗan karatu da lissafin da zai sa su karanta takardar inji, su auna abu daidai. Da an ware wani kaso na kuɗin an buɗe musu ajin yamma, kamar yadda aka yi wa manya a zamanin Yaƙi da Jahilci, da an sami dubban gwanaye da kuɗi kaɗan. Littafin ya fi kula da ma'aikatan Gwamnati da na manyan kamfanoni.

Yadda Amurka ta kashe nata kuɗin

Tun da yake mutum uku cikin kwamitin Amurkawa ne, ya kyautu a duba abin da ƙasarsu ta yi a daidai wannan lokaci, don ita ma ta yi irin wannan kuka. Ran 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko, mai suna Sputnik. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce an riga su ne don makarantunsu sun yi sakaci da kimiyya da lissafi. A 1958 majalisarsu ta yi doka ta ware ɗaruruwan miliyoyin dala. Abu biyu a cikin dokar sun cancanci a lura da su. Na ɗaya, an ba jihohi kuɗi su sayi kayan koyar da kimiyya da lissafi don makarantun firamare da sakandare, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da aka ba ta. Na biyu, an ba ɗaliban jami'a rance, aka ce duk wanda ya gama ya tafi koyarwa a makarantar Gwamnati za a riƙa yafe masa kashi 10 cikin 100 kowace shekara, har a yafe rabin bashin. Watau sun sa kuɗi a kan hanyar da za ta ja mai ilmi zuwa aji.

Ba za a ce a kwaikwayi Amurka ido rufe ba, gama ita a lokacin kusan kowane yaro nata yana makaranta, kuma tana da dukiyar da Nijeriya ba ta da ita. Amma dabarar nan ta saka wa wanda ya zaɓi koyarwa ba ta fi ƙarfin matalauciyar ƙasa ba, ta ma fi gina jami'a araha nesa.

Abin da ya biyo baya

Tarihin shekarun da suka biyo ya ba da misali biyu, ɗaya na hasara, ɗaya na riba. A 1977 aka fito da manufar ilmi ta ƙasa, a 1982 aka fara tsarin shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. Niyyar tana da kyau, a koya wa kowane yaro farkon sana'a tun yana ƙaramar sakandare, ya riƙe zarto da guduma, ya san waya da ƙarfe. Aka kashe kuɗi masu yawa aka sayo injuna daga ƙasashen Turai ta Gabas, aka rarraba wa makarantu. Amma makarantu da yawa ba su da ɗakin da za a kafa su, waɗansu ba lantarki a garin ma, malaman da suka san yadda ake aiki da su kuwa ba su kai ko'ina ba. Akwatuna suka zauna a rufe, ruwa ya doke su, tsatsa ta ci, waɗansu aka sace. An sayi sirdi ba a tanadi doki ba. Sayen inji aikin rana ɗaya ne, a sa hannu a takarda a biya, horon malami kuwa shekara 3 ne ko fiye, sa'an nan a yi ta biyansa kowane wata har ya tsufa. Masu riƙe da baitulmali sun fi son na farkon.

Misali na biyu daga Kano yake. A 1977 Gwamnatin Jihar ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan Jiha, sai ta buɗe makarantun sakandare 2 na kimiyya zalla, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, ta kafa musu hukuma tasu dabam. Aka riƙa zaɓen yara da jarrabawa, aka ajiye su a makarantar kwana, aka tara musu malamai da kayan gwaji wuri ɗaya maimakon a watsa su ko'ina kaɗan kaɗan. Bayan 'yan shekaru aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, gama da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa ta nan suka bi, waɗansu jihohi kuma suka kwaikwaya. Abin da ya sa ta yi nasara shi ne an haɗa yaro da malami da kayan aiki lokaci ɗaya, kuma an yi haka ƙasa da jami'a, inda ciwon yake. Amma ita ma tana da iyaka. Yara kaɗan ta ɗauka, kuma idonta yana kan kashin sama na Harbison. Ɗan ƙauyen da firamarensa ba ta da malamin lissafi ba zai ci jarrabawar shiga ba tun farko.

Wajen asusun kuɗi ma halin bai sake ba. A 1993 aka yi doka kamfanoni su riƙa biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu don ilmi, ana raba kuɗin tun daga firamare har jami'a. A 2011 aka sake dokar, aka keɓe asusun ga manyan makarantu kaɗai, rabi ga jami'o'i, sauran rabin a raba tsakanin kwalejojin fasaha da na horon malamai. Hujjar da aka kawo ita ce, tun 2004 firamare da ƙaramar sakandare suna da nasu kaso, watau kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. Gaskiya ne, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma jihohi da yawa sun yi ta barin nasu kwance shekara da shekaru don ba su ajiye ba. Babbar sakandare kuwa, inda ake fara koyon ilmin sinadarai da na ƙarfin abubuwa sosai, da makarantun koyon sana'a da ke daidai da ita, sai suka faɗa tsakani, suka daɗe ba su da asusu nasu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar karatu kyauta a makarantun sana'a nata, har da ɗan kuɗin kashewa ga masu koyo. Wannan ya nufi inda ya kamata, amma ba za a yanke masa hukunci ba sai an ga waɗanda ya yaye, da inda suka sami aiki, da abin da ake biyansu.

Hukunci

In aka ɗora littafin nan a ma'auni, alherinsa ya rinjayi aibinsa. Mutanen da suka rubuta shi sun yi wa ƙasar zaton alheri, sun ce za ta girma, sun ce a yi shiri babba, kuma jami'o'i da kwalejojin malaman da suka fito daga shawararsu sun yi wa miliyoyin mutane amfani. Ba a kuma kama su da laifin abin da ba wanda ya iya hange a 1960, kamar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da kuɗin man fetur da suka zo bayansa suka rikita kowane lissafi. Laifinsu shi ne sun gano ciwo sun rubuta shi, sa'an nan suka ba da maganin da bai kai ƙarfinsa ba. Sun san na tsakiya sun fi yawa cikin bukata, amma suka miƙa kwalejinsu ga jami'a. Sun san ana raina mai sana'a, amma ba su matsa a gyara albashinsa ba. Laifin masu mulki kuwa ya fi nasu, domin sun buɗe littafin sun zaɓi shafin da ke da daɗi, sun aikata shi har sun ƙara, suka rufe sauran.

Wannan magana ta shafi kowane mai ɗa a makaranta. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya san zafin rashin sani, ya kuma san abin da malami ɗaya mai haƙuri ke iya yi da allo da alli a ƙarƙashin itace. Saboda haka in ya ji an yi shela a rediyo an ware miliyan kaza don kimiyya da lissafi, kada yawan kuɗin ya ruɗe shi. Ya je makarantar garinsu ya tambayi hedimasta, malaman lissafi nawa ne, kuma su lissafin suka karanta ko kuwa an ɗora musu ne don ba kowa. Ya tambaya ko an biya su albashin watan jiya. Ya roƙa a buɗe masa ɗakin gwaji ya gani ko ana shiga, ko kuwa gizo ya yi saƙa a bakin ƙofa. Ya sa ɗansa ya auna masa faɗin ɗaki ya lissafa yawan tabarmin da zai ci. In ya sami abin da bai gamshe shi ba, ya kai maganar taron iyaye da malamai, ya kai ta ga kansila da ɗan majalisa, gama kuɗin nan na harajin jama'a ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.